Asirin Almasihu a Linjilar Markus: wane shiru ne alheri, wane ne cuta?

 

Duk wanda ya daɗe yana zaman rumfa a garin nan ya san yadda safiyar Lahadi take kasancewa. Za ka tarar shagon tela mutumin Togo a rufe, mai gyaran rediyo ɗan Benin bai fito ba, ita kuma maƙwabciya mai sayar da garin rogo da manja sai wajen azahar take kasa kayanta, saboda dukansu sun tafi majami'a. Shekara da shekaru muna cin bashin juna, muna zubin adashi tare, muna zuwa suna da gaisuwar mutuwa a gidajen juna, amma ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa tambayar abin da ake karanta musu a can.

A irin hirar rumfa ce maganar ta taso, lokacin da wata maƙwabciya Kirista ta ambaci cewa a littafinsu Yesu yakan warkar da mutum, sannan ya gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa. Matan da ke wurin suka yi mamaki, don a saninmu mai kaya masu kyau ba ya ɓoye su, kiran masu saye yake yi har muryarsa ta dushe. To, me zai sa wanda aka aiko wa mutane ya hana a faɗi ko shi wane ne? Wannan tambaya ta fi shekara ɗari tana wahalar da malaman Kirista, har suka raɗa mata suna asirin Almasihu. Ba wa'azi muka zo yi ba, ba kuma muhawarar addini ba. Muna so ne mu san abin da maƙwabtanmu suke karantawa, mu kuma ga darasin da ke ciki ga mutanen garin da ya san asiri fiye da kowane gari a Nijar.

Garin da ya tashi cikin asiri

Arlit ba tsohon gari ba ne kamar Agadas ko Ingal. Ƙarfen yuraniyom ne ya haife shi. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, garin ya fara tsayuwa a 1969, aka soma fitar da ma'adini a 1971. Cominak ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a ƙarƙashin ƙasa a 1978, shi ne ya sa Akokan ta zama gari, kafin a rufe shi ran 31 ga Maris 2021. Aiki ya jawo mutane daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Dosso, ya kuma jawo ma'aikata da masu sana'a daga Benin, Togo, Burkina Faso, Gana da Najeriya, waɗanda da yawansu Kiristoci ne. Ƴan Katolika na nan suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun da aka kafa wannan kujera a 2001 aka ɗora Ambroise Ouédraogo a kanta, akwai kuma majami'un masu bishara. A majami'un Katolika ana karanta Linjilar Markus ne shekara ɗaya cikin uku, kamar 2021, 2024 da 2027. Waɗanda ke karatu da Hausa kuwa, tun 1932 suke da Littafi Mai Tsarki cikakke a harshenmu.

Abin da Markus ya ba da labari

Linjila huɗu Kiristoci suke riƙe da su: ta Matiyu, ta Markus, ta Luka da ta Yahaya. Ta Markus ce mafi gajarta, sura 16 kawai, kuma galibin masana sun tafi a kan ita aka fara rubutawa, wajen shekara ta 70 miladiyya, da harshen Girka. A cikinta ne maganar shiru ta fi yawa, kuma ta kasu kashi uku.

Kashi na farko shi ne hana aljannu magana. A sura ta 1, a ɗakin ibadar Yahudawa na Kafarnahum, wani mai aljannu ya ɗaga murya yana cewa ya san ko Yesu wane ne, sai Yesu ya tsawata wa aljanin ya yi shiru ya fita. A sura ta 3 an maimaita cewa yana hana su bayyana shi.

Kashi na biyu shi ne gargaɗin waɗanda suka warke. Akwai kuturun da ya tsarkaka, aka ce ya je ya nuna kansa ga limamin ɗakin ibada amma kada ya faɗa wa kowa. Akwai ƴar Yayirus, yarinya ƴar shekara 12 da aka riga aka fara kukan mutuwarta, wadda bayan ta tashi ya ce a ba ta abinci, ya kuma dage kada kowa ya sani. Akwai kurman da ba ya magana sosai a sura ta 7, da makahon Betsaida a sura ta 8, wanda aka janye shi bayan gari kafin a buɗe masa ido, aka ce ya wuce gida kada ya bi ta cikin ƙauyen.

Kashi na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne gargaɗin almajirai. A tsakiyar littafin, a yankin Kaisariya Filibi, Yesu ya tambaye su ko wa suke ɗaukarsa, Bitrus ya amsa cewa shi ne Almasihu. Maimakon a yi shela, sai ya ja musu kunne kada su faɗa wa kowa, nan take kuma ya fara gaya musu cewa wahala da ƙi da kisa ke jiransa. Bitrus bai ji daɗin wannan ba har ya janye shi gefe yana yi masa faɗa, shi kuwa ya mayar masa da tsawa mai zafi. A sura ta 9, bayan almajirai uku sun ga kamanninsa sun sāke a kan dutse, ya ce su riƙe abin da suka gani a cikinsu har sai ya tashi daga matattu. A nan kaɗai aka sa wa shirun wa'adi, mu riƙe wannan da kyau don za mu dawo kansa.

Shirun da bai riƙu ba

Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne, gargaɗin bai cika aiki ba. Kuturun nan yana fita ya baza labari ko'ina, har ta kai Yesu ba ya iya shiga gari a fili, sai ya koma zama a daji, can ma mutane suka bi shi. Game da kurman kuwa, Markus da kansa ya ce ƙara hana su shi ne ƙara yaɗa labarin. Kuma duk wadda ta taɓa zaman makoki za ta tambaya: yaya za a ɓoye yarinyar da gida ya cika da masu kukanta, alhali ga ta tana tafiya tana cin abinci? Hausawa sun ce tafin hannu ba ya rufe rana.

Bugu da ƙari, ba kowa aka hana ba. Mutumin nan mai aljannu da ke kwana a maƙabarta a ƙasar Garasinawa, a sura ta 5, cewa aka yi ya koma gida ya ba danginsa labarin alherin da aka yi masa, ya kuwa zaga garuruwan Dikafolis yana faɗa. Makaho Bartimawas na Yariko ya yi ta kiransa ɗan Dawuda a bainar jama'a, taron ne ya so rufe masa baki, ba Yesu ba. A ƙarshe, a gaban babban limamin Yahudawa, da aka tambaye shi ko shi ne Almasihu, ya amsa a fili. A Linjilar Yahaya ma tun farko-farko ya bayyana kansa ga wata Basamariya da ta zo ɗibar ruwa a rijiya, ta bar tulunta ta ruga gari da labari. Wannan saɓani ne ya sa malamai suka rabu wajen fassara.

Fassara ta farko: gudun fitina

Kalmar Almasihu asalinta daga Ibrananci ne, ma'anarta wanda aka shafa wa mai, domin haka ake naɗa sarakunan Bani Isra'ila irin su Dawuda. Fassararta da harshen Girka ce ta haifar da kalmar Kirista. A wancan zamani ƙasar tana hannun Romawa, Yahudawa da yawa kuma suna jiran sarki daga zuriyar Dawuda wanda zai kori baƙin mulki. Ke nan duk wanda aka kira Almasihu a kasuwa, kunnen gwamna zai ji shi a matsayin ɗan tawaye. Masanin tarihi Bayahude Yusufus ya rubuta cewa bayan mutuwar sarki Hirudus, gwamnan Romawa Farus ya gicciye mutum dubu biyu don kashe tarzoma. Markus kansa ya ba da labarin yadda aka fille kan Yahaya mai baftisma a kurkuku.

Mu ma ƙasar Hausa ta ga irin wannan. A 1906, a ƙauyen Satiru kudu da Sakkwato, maganar bayyanar Mahadi ta tara talakawa, cikin jagororinsu har da wani malami makaho, Saibu ɗan Makaho, wanda ya gudo daga ɓangaren da Faransa ke mulki. A watan Fabrairu suka ci ƙarfin sojan Ingila, a watan Maris aka dawo musu da manyan bindigogi aka shafe garin. Masu wannan fassara suna cewa Yesu ya san abin da laƙabi ke jawo wa talakawa idan ya riga fahimta isa gari, shi ya sa ya taka masa birki. Suna kafa hujja da Linjilar Yahaya, inda aka ce bayan ya ciyar da taro sun so su naɗa shi sarki da ƙarfi, shi kuwa ya sulale ya hau dutse. Suna kuma cewa an bar mutumin Garasinawa ya yi magana ne saboda ƙasarsa ba ta Yahudawa ba ce, babu mai jiran ɗan Dawuda a can.

Fassara ta biyu: gudun kirari

Wasu masana sun duba al'adar wancan zamani, inda babban mutum yakan gina rijiya ko ya raba hatsi don a sassaƙa sunansa a dutse, waɗanda suka amfana kuma su zama yaransa masu yi masa rakiya da yabo. Mun san wannan sarai, don muna ganin yadda ake kiran maroƙa da masu ɗaukar hoto kafin a miƙa buhun shinkafa, musamman idan zaɓe ya matso. Bisa wannan fassara, da Yesu ya ce wa wanda ya warke ya yi shiru, yafe masa bashin godiya ya yi, ya sallame shi ya koma gida da mutuncinsa, ba a mayar da shi allon talla ba. Haka kuma ya guji a ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin masu magani da ke yawo gari-gari, waɗanda ake bi don biyan buƙata, ba don jin abin da suke koyarwa ba.

Fassara ta uku: komai da lokacinsa

Wannan ita ce wadda aka fi ji a bakin fastoci da limaman Katolika. Suna cewa Bitrus ya faɗi sunan daidai amma bai gane ma'anarsa ba, domin shi sarauta yake hange, Yesu kuwa hidima da shan wahala yake nufi. Idan almajirin da bai gama fahimta ba ya fita yana shela, gurɓataccen labari zai yaɗa. Suna misali da makahon Betsaida, wanda labarinsa ya zo dab da amsar Bitrus: da aka taɓa shi karon farko ya ga mutane kamar itatuwa suna tafiya, sai a karo na biyu ya gani tangaran. Haka almajiran suke, sun gani amma dishi-dishi. Shi ya sa a tsarin littafin, mutum na farko da ya yi cikakkiyar shaida irin wadda Kiristoci ke yi shi ne hafsan sojan Romawa da ke tsaye a wurin gicciye, lokacin da babu sauran wanda zai yi zaton sarautar duniya ake nufi.

Akwai abin da ya shafi iyayenmu mata a nan. A tsofaffin kwafe biyu mafi daraja, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 4, littafin ya ƙare ne a sura ta 16 aya ta 8. Mata ne suka yi sammako zuwa kabari da kayan ƙamshi, aka ce su je su ba da labari, su kuwa tsoro ya kama su suka gudu ba su ce wa kowa komai ba. Wato lokacin da aka ce a yi shiru mutane sun yi ta surutu, lokacin da aka ce a yi magana kuma baki ya mutu. Malamansu na cewa an bar ƙarshen haka ne don mai karatu ya tambayi kansa ko shi zai faɗa.

Bajamushen da ya tada ƙura

A 1901 wani shehin malami Bajamushe mai suna William Wrede, wanda ke koyarwa a jami'ar Breslau, garin da yanzu yake cikin ƙasar Polan, ya fitar da littafi a kan wannan batu, shi ne ma ya sa sunan asirin Almasihu ya bazu. Shi cewa ya yi ba Yesu ne ya yi ta ba da wannan umarni ba. A ganinsa, mabiyan farko sun fara kiransa Almasihu ne bayan sun gaskata ya tashi daga matattu, da aka tambaye su me ya sa ba a san haka ba tun yana tare da su, sai bayanin ya zama cewa ai shi ne ya hana a faɗa. Markus kuma ya tarar da wannan bayani ya saƙa shi cikin labarinsa. Babbar hujjarsa ita ce wa'adin nan na sura ta 9, da kuma irin umarnin da ba zai yiwu a bi ba, kamar na gidan Yayirus.

Ba a bar shi haka ba. A 1906 Albert Schweitzer, wanda daga baya ya zama likita ya buɗe asibiti a Lambarene ta ƙasar Gabon a 1913, ya mayar masa da martani cewa asirin gaskiya ne, Yesu ya san matsayinsa ya ɓoye. Wasu kuma suka yi tambaya mai ƙarfi: in babu wanda ya danganta shi da sarauta tun yana raye, don me dukan Linjila huɗu suka ce laifin da Romawa suka rubuta a kansa shi ne sarkin Yahudawa? Masanan da suka zo daga baya sun nuna cewa Wrede ya zuba abubuwa daban-daban a buhu ɗaya, domin shirun warkarwa ana karya shi nan take, shirun almajirai kuwa an riƙe shi har ƙarshe. A yau kaɗan ne ke bin Wrede gaba ɗaya, amma kusan kowa ya yarda da abu ɗaya da ya koyar: Markus ba tara labarai kawai ya yi ba, ya jera su ne da manufa.

Inda muka haɗu da inda muka rabu

Mu Musulmi ba baƙin sunan Almasihu ba ne, don Alƙur'ani mai girma ya kira Annabi Isa ɗan Maryama, alaihis salam, da wannan laƙabi sau 11, ya kuma ambaci warkar da makaho da mai cutar fata da rayar da matattu da izinin Allah. Sai dai mun rabu da maƙwabtanmu a manyan wurare biyu, kuma faɗin gaskiya ya fi: mu a wurinmu bawan Allah ne kuma manzonsa, ba ɗansa ba, sannan Suratun Nisa'i ta koyar da mu cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Tunda fassara ta uku a kan gicciye ta dogara, Musulmi ba zai ɗauke ta a matsayin aƙida ba, amma zai iya gane dalilin da ya sa take da nauyi a zuciyar maƙwabcinsa.

Hikimar jinkirta magana kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Suratu Yusuf, Annabi Yaƙuba ya hana ɗansa gaya wa ƴan uwansa mafarkinsa don gudun makirci. A Suratu Maryam, an umarci Nana Maryama ta kame baki daga yi wa mutane magana, jaririn ne ya yi magana a madadinta. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi kimanin shekara uku yana kira a asirce a Makka, ana haɗuwa a gidan Arƙam, kafin a umarce shi ya bayyana. Suratul Baƙara kuma ta nuna cewa sadakar da aka ba talaka a ɓoye ta fi alheri ga mai bayarwa.

Daga Tamanraset zuwa Arlit

Direbobinmu da ƴan kasuwar da ke bin hanyar Assamaka sun san Tamanraset, wajen kilomita 600 daga nan. A can wani Bafaranshe mai suna Charles de Foucauld, tsohon hafsan soja da ya koma limamin Kirista, ya zauna daga 1905. Ya ɗauki ɓoyayyiyar rayuwar Yesu a matsayin hanyarsa: ba ya wa'azi a kasuwa, sai zaman maƙwabtaka da rubuta ƙamus ɗin Tamashek da har yau masana ke amfani da shi. A 1908, lokacin fari, ya kwanta ciwo har ya fid da rai, Abzinawa Musulmi ne suka yi ta neman nonon awaki suka ceto shi. An kashe shi ran 1 ga Disamba 1916, a watan da Kaosan ya kewaye barikin Faransa a Agadas, Fafaroma Francis kuma ya sa shi cikin waliyyansu ran 15 ga Mayu 2022. Sai dai tarihi bai ɓoye cewa yana musayar wasiƙu da hafsoshin mulkin mallaka ba, shi ya sa har yau akwai masu kallon shirunsa da alamar tambaya. Wannan ma darasi ne: shiru yana samun amana ne idan babu wani abu a bayansa.

Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, kuma sun san zafin abin da ya faru ran 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa wanda ba su da hannu a ciki. A ranakun nan akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu, wannan asiri ne na alheri. Amma idan maƙwabcinka ya koma ɓoye sunansa ko addininsa don tsoronka, wannan shirun ba hikima ba ce, abin kunya ne a gare ka.

Ma'aunin gane asiri

A nan ne maganar ta dawo rumfunanmu. Shekaru da dama mutanen garin nan suna sayen ƙarafa da bututu da gangunan da suka fito daga wurin haƙar ma'adini, ana ƙera tukwane da ƙofofi da rufin ɗaki da su, babu wanda ya ce mana uffan. Sai da ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan ta gayyato masana na CRIIRAD daga Faransa a Disamba 2003, aka tarar da ƙarafa masu tururin guba ana sayar da su a cikin gari. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan inda tururin ya ninka na ƙa'ida kusan sau 500, daga baya kamfanin ya bi ya kwashe ƙasar wuraren. Kamfanin ya sha musanta cewa aikinsa na cutar da lafiyar jama'a, amma tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20 da Cominak ya tara a gefen Akokan ba abin musu ba ne. Gwamnati ta ba da sanarwar mayar da Somaïr hannun ƙasa a Yuni 2025, to amma sauya mai gida ba ya sauke haƙƙin sanar da jama'a abin da suke shaƙa da abin da suke sha.

Idan muka ajiye wannan shiru kusa da na Linjilar Markus, tambayoyi uku za su raba mana su, kamar yadda sikeli ke raba nauyi. Ta farko: wa ke cin ribar shirun? A labarin Markus mai yin alherin ne ya rasa yabo, wanda aka yi wa kuma ya tafi da lafiyarsa. Ta biyu: wa zai cutu idan ba a faɗa ba? Ta uku: shirun yana da ranar ƙarewa? Na Markus an yanka masa wa'adi, kuma a sura ta 4 an yi misali da fitila, cewa ba a kunna ta don a kife ta da mudu, duk abin da aka ɓoye don a bayyana shi ne wata rana.

Mu auna kanmu da wannan sikeli. Matar da ta ranta wa abokiyarta jika biyar ta ja jari ba ta gaya wa kowa ba, ta yi shirun alheri. Uwar adashi da ta rufa asirin wadda zubi ya gagara a wannan mako, ta cike mata daga aljihunta, Allah ya saka mata. Ɗan kasuwar da bai faɗi ranar tashin motarsa ba don gudun ƴan fashi, hankali ya yi. Amma wanda ya zuba gero mai kyau a saman tiya ya ɓoye mai ƙwari a ƙasa, ko ya goge kwanan watan madara da taliya da suka lalace a hanya, ko ya sayar wa maƙeri ƙarfen da ya san inda ya fito, wannan ha'inci ne. Mun san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji damshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus.

Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya, suna kuma cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Su ɗin dai suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba saɓani ba ne, kowace magana da muhallinta. Alherin da ka yi ka rufe shi, aibin kayanka ka buɗe shi, haɗarin da zai taɓa lafiyar jama'a kuwa ka faɗe shi ko da za a ji haushinka. Ranar Lahadi mai zuwa, idan maƙwabciya ta dawo daga majami'a ta fara kasa kayanta, babu laifi a gaishe ta a tambaye ta abin da aka karanta musu, ita ma ta tambayi abin da liman ya faɗa ran Juma'a. Wanda ka san abin da ke zuciyarsa, da wuya wani ya zuga ka a kansa.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da Arlit da Nijar baki ɗaya lafiya. Sai mun sake saduwa.